Takardar Tara A Aljihun Liman: Shin Alfarma Halal Ce?



Yau ba fatawar wani zan amsa ba, tawa ce. Tambaya ce da ta kwana biyu cur a aljihun rigata, a jikin wata 'yar takarda mai ɗauke da sunana da lambar motata.

Wata Asabar da hantsi muka tashi daga Birnin Kudu za mu Gwaram ɗaurin auren wani ɗalibina. Ni nake tuƙi. A gefena akwai wani Alhaji maƙwabcina, ɗan kasuwar hatsi, ya girme ni da shekara ashirin ko fiye, mutumin da ban taɓa juyowa bayan sallame Asuba na rasa shi a sahun farko ba. An sa ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya, mu kuma mun makara. Kafin mu kai Babaldu waya ta yi ƙara, na duba, waliyyin ango ne. Na ɗauka na kara a kunne: "Ga mu nan tafe, a ɗan jinkirta mana." Ban rufe baki ba na hango jami'an hanya a gaba, ɗaya ya ɗaga mini hannu.

Abin da hannuna ya yi a lokacin shi ne farkon abin da ya ba ni kunya. Tun kafin in yi wani tunani ya saki wayar ta faɗa kan cinyata, na ja babbar riga na rufe ta. Wanda bai san ya yi laifi ba ai ba ya ɓoye komai.

Jami'in matashi ne, da wuya ya kai talatin. Ya yi sallama, ya ce, "Allah gafarta Malam, waya kake yi kana tuƙi." Amsa ta zo har bakina, wai ai sallama kawai na amsa. Allah Ya taimake ni na haɗiye ta. Na ce, "Haka ne, Ofisa." Ya karɓi lasisina, ya rubuta takarda, naira 4,000, ya yi mini bayanin yadda zan biya da inda zan karɓi lasisin. Bai ɗaga murya ba, bai nemi komai ba, ban ga ko alamar yana jiran in ce "a duba mana" ba. Wannan shaida ce, dole in bayar da ita.

Alhaji fa ransa ya ɓaci. "Liman guda? Haba! Bari in kira wane, yanzun nan za a dawo da lasisin har da ban haƙuri." Ya shiga lalubar lamba.

Can gefe ƙarƙashin darbejiya akwai direban wata tsohuwar Golf ta haya, an sauke masa fasinja. Shi tasa takardar ta lodin da ya wuce ƙa'ida ce, naira 10,000. Ya gane ni. Ya taso ya rusuna: "Allah gafarta Malam, in za a kira, don Allah a haɗa da ni. Wallahi tun safe ban mayar da kuɗin mai ba."

Kada in yi muku ƙarya, ba tsoron Allah ne ya sa na dafa hannun Alhaji na ce ya bari tukuna ba. Lokaci ne ya ƙure, kuma idon direban nan ya yi mini nauyi. Na ce ai ba gaggawa, sai Litinin, mu je mu dawo. Muka wuce.

Har muka shiga Gwaram Alhaji yana kafa mini hujja, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "Malam, ni ban ce a ba kowa ko sisi ba. Cin hanci haramun ne, kai ka karantar da mu. Wannan alfarma ce, mutunci ne. In ba a girmama malami a kan hanya ba, a ina za a girmama shi?" Haka mafi yawanmu muke raba abin. Wanda ya naɗe ɗari biyar a cikin takardun mota, wannan mai zunubi ne. Wanda ya ɗaga waya ya kira wani babba, wannan mai mutane ne, har sha'awarsa ake yi. Ita ma doka kamar ta bi mu a kan haka: a jadawalin dokar 2007 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, yunƙurin ba jami'i toshiyar baki laifi ne mai tarar naira 10,000, amma ban taɓa jin an rubuta wa mai kiran waya takarda ba.

To da daddare da na koma gida, sai zuciya ta buɗe mini littattafai. Masu ɗan karatu suna da wata jarrabawa da sauran mutane ba su da ita: duk abin da rai ya so, a cikin minti biyar za a samo masa ƙaulin wani malami.

Abin da ta fara kawo mini shi ne, ai ita kanta tarar kuɗi malamai sun yi saɓani a kanta. Gaskiya ne. Abin da ya shahara a mazhabobi huɗu shi ne hana yin ta'aziri da karɓar dukiya, kuma daga cikin dalilansu akwai tsoron kada a buɗe wa azzaluman shugabanni ƙofar cin dukiyar talakawa da sunan horo. Wannan tsoron ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan zamaninsa da mayar da hukuncin Allah karɓar dukiya, da kuma ɗora wa mutane gaisuwa kafin a saurare su. Amma an ruwaito halaccinta daga Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa, Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun ƙarfafa ta, Ibnu Farhun kuma, wanda Bamalike ne, ya kawo misalanta a mazhabarmu cikin Tabsiratul Hukkam. A wannan zamanin, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na takwas a Burunai, shekarar 1414 Hijira, wato 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma ya halatta hukuma ta hori wanda ya karya su, har da tarar kuɗi. Wannan ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba. Ko malaman da suka hana tara, babu ɗaya a cikinsu da zai ce mini riƙe waya kana gudu da rayukan mutane halal ne. Kuma na lura da wani abu: shekara da shekaru direbobi suna biyan tara a gabana, ban taɓa tuna wannan saɓanin ba sai ranar da aka rubuta sunana.

Ƙofa ta biyu ita ce ta hana ni barci, don ta fi ƙarfi.

Duk wanda ya ji maganar alfarma, abin da zai fara zuwa masa shi ne ƙissar matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usamatu ɗan Zaidu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya je ya sa baki, fuskar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta canja. Bukhari da Muslim sun ruwaito ta. Sai zuciyata ta ce: a'a, Malam, wannan haddi ne. Haddi idan ya kai gaban shugaba ba a ceto a cikinsa, amma tarar hanya ta'aziri ce, malamai kuma sun halatta ceto da afuwa a ta'aziri. Ba ga hadisin da ya kwaɗaitar da sa baki don biyan buƙatar mutane, har da alƙawarin lada ba? Ba ga hadisin Nana A'isha a wajen Abu Dawuda, wanda ma'anarsa ita ce a yafe wa mutanen kirki tuntuɓensu in ba haddi ba ne? An yi magana a kan isnadinsa, amma wasu malamai sun inganta shi. Kai limami ne, ba a san ka da ɓarna ba, wannan ne karo na farko. Ai kamar don kai aka faɗa.

Kun ga yadda abin ya yi kyau? Da a ce wani ne ya turo mini tambayar ta saƙo, wataƙila da na ce masa ba laifi, Allahu a'alam.

Abin da ya rushe ginin kalma ɗaya ce: tuntuɓe. Imamu Shafi'i ya fassara waɗannan mutanen da waɗanda ba a san su da sharri ba, sai ɗayansu ƙafa ta zame masa sau ɗaya. Na tambayi kaina, tsakanina da Allah, wannan zamewa ce? Tun da na fara tuƙi nake ɗaukar waya. Na amsa fatawar gado a hanyar Dutse. Na sasanta miji da mata tsakanin Wudil da Kwanar Huguma, hannu ɗaya a sitiyari. Ranar Asabar ba karo na farko da na aikata ba ne, karo na farko ne da aka gan ni. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma ya daɗe yana yi.

Sannan ita afuwar, wa aka ba ikonta? Hadisin yana magana ne da shugaba ko alƙali wanda al'amarin ke hannunsa, ya dubi mutum, ya dubi laifin, ya dubi maslaha, sannan ya ga yafewa ta fi. Wanda Alhaji zai kira ba zai binciki halina ba, ba zai tambayi sau nawa na yi ba. Abu ɗaya zai duba: wane ne ya kira. Da direban Golf ya fi ni tsoron Allah sau goma, ba za a yafe masa ba, don ba shi da lambar. Ashe ba kirkina za a saka wa ba, sanayyata za a saka wa. Kuma idan ka koma ƙissar Usamatu, dalilin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ambata ya fi haddi faɗi: ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin baya shi ne ƙyale mai daraja da hukunta mai rauni. Ciwon shi ne bambancin. Aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta raba ceto gida biyu, kyakkyawa da mummuna, kowane mai ceto yana da kaso a cikin abin da ya jawo. Sa baki don a ba mutum haƙƙinsa da aka danne daban, sa baki don a cire mutum daga layin da kowa ke bi daban.

A nan ne na fara ganin abin da nake so mu tsaya a kansa. Muna ɗaukar alfarma a matsayin abu mai tsafta don babu kuɗi a ciki. Ni kuwa yanzu ina ganin ita ce uwar cin hancin bakin hanya. Ku dubi yaron nan jami'i. Ya tsaya a rana, ya yi aikinsa daidai, ya rubuta takarda mai lamba. Bayan minti goma sai waya ta shigo daga sama: mayar wa Malam lasisinsa, ka ba shi haƙuri. Me muka karantar da shi? Gobe kafin ya ɗaga hannu zai fara duba motar, ya duba hular, ya duba rawanin. Zai gane cewa littafin da ke hannunsa na marasa uwa a gindin murhu ne. Kuma ranar da ya ga ana soke tarar manya kyauta, wace hujja za ka ba shi ta ƙin karɓar ɗari biyar a hannun ƙanana? Zai ce shi ma alfarma yake yi, sai dai tasa mai araha ce. Shi kuma direban, da ya ga Liman ya wuce da kiran waya, ya san hanya ɗaya ta rage masa, ita ce ta aljihu. Mu da muke hawa mumbari muna ambaton la'anar da ta zo a kan mai bayarwa da mai karɓa, mu ne muka nuna musu cewa takardar ba komai ba ce.

Kuma wa ya ce alfarma kyauta ce? Bashi ce, sai dai ba a rubuta ta. Wanda ya soke mini tarar dubu huɗu, wata Juma'a zai zauna a gabana. Ranar da ya kamata in yi magana a kan amanar ofis, zan ji harshena ya yi nauyi. Ranar da ɗansa zai zo da rigimar aure ko ta gado, zan ji zuciyata ta ɗan karkata. Ɗan kasuwa zai iya ɗaukar irin wannan bashin ya biya da buhun masara. Limami ba shi da abin biya sai gaskiyar da ke bakinsa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ban raina shi ba. Za su ce: Malam, ita hukumar da ke cin mutane tara ta sauke nata nauyin? Ina gyaran hanya? Mutanen yankin nan ba su manta da daminar 2021 ba, lokacin da mota ta afka gadar da ruwa ya karya a hanyar Gwaram zuwa Basirka, mutum 21 suka rasu. Za su ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, direban haya in bai ƙara lodi ba bai ci abinci ba. Za su ce akwai masu kaki a hanyoyin ƙasar nan da ba laifi suke nema ba, na goro suke nema. Duk na ji, kuma wanda aka ɗora wa amanar hanya ko ta kuɗin tara ya ci, yana da tsayuwa a gaban Allah. Malamai ma sun yi rangwame ga wanda aka zalunta, ya rasa kowace hanya ta kuɓuta sai ya bayar, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma wannan rangwamen na wanda aka zalunta ne, ɗan'uwa, kada mu sata mu ba mai laifi. Wanda ya tabbata bai yi ba, kada ya yi zagi, kada ya yi kokawa, ya riƙe takardarsa ya je ofis ya faɗi ƙorafinsa, in ba a saurare shi ba kotu tana nan, kuma irin wannan ne ya cancanci masu faɗa a ji su tsaya masa. Ni kam waya tana kunnena. Karyewar gada ba ta cire ta daga can ba.

Mu ɗan yi lissafi, don mu san me ake karewa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa uku da na yi ina duba sunan mai kira, na yi tafiyar fiye da mita 60 kamar makaho. Duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da zai iya shigowa cikin mita 60: garken shanu, amalanke da damman gero, ɗan acaɓa da goyon mutum biyu, yarinya da farantin talla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi haɗarin yin karo kusan ninki huɗu, kuma a rahotonta na 2023 ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara. Mu ba ma buƙatar rahoto. Mun sallaci gawawwakin da aka ɗauko daga bakin kwalta, mun je dubiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Birnin Kudu mun ga ƙafafu a rataye. Da na buge yarinyar nan, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ce za ta hau kaina: diyya, da azumin wata biyu a jere tunda babu bawan da za a 'yanta. Wa Alhaji zai kira ya soke wannan?

Shi ya sa ma biyan tarar bai wanke ni ba. Dubu huɗun ba kuɗin tikitin yin waya ba ne, da mai hali zai ce to ga dubu arba'in na sau goma. Haƙƙin hukuma ne ya sauka. Tuba tana nan daban, sharaɗinta kuma dainawa.

Saura direban Golf. Roƙonsa ya fi nawa kama da abin tausayi, amma da aka sauke fasinjansa na ƙirga: biyu a gaba, huɗu a baya, yara biyu a but a kan buhuna. Su ma talakawa ne, kuma su ne za a kwasa in taya ta fashe. Soke takardarsa tausayi ne a gare shi da kuɗin jinin wasu. Abin da ya dace da shi, Alhaji ne ya yi, ba ni ba. Ashe tun a wurin, kafin mu tashi, ya karɓi lambarsa, daga baya ya tura masa rabin kuɗin tarar. Bai gaya mini ba, a bakin direban na ji. Doka ta tsaya a inda take, nauyin ne aka raba.

Ranar Litinin na je shagon kwamfuta aka ciro mini lambar Remita, na biya a banki, na kai rasit ofis. Aka ce sai mun zauna an yi mana faɗakarwa kafin a ba mu takardunmu. Na zauna a benci tsakanin wani mai a-kori-kura da direban Golf ɗin nan, wani jami'i da bai kai ni shekaru ba ya tsaya yana yi mana wa'azi a kan darajar rai. Mutum biyu suka gane ni. Ɗaya ya sunkuyar da kai don kunyata, ɗayan ya kasa riƙe dariya, ya ce, "Allah gafarta Malam, kai ma?" Na ce ni ma.

Alhaji har yau bai yarda ba. Ya ce na ƙasƙantar da rawani, kuma da na bari ya kira da babu wanda zai sani. Sai dai ranar Alhamis da za mu Sara ta'aziyya, ina tayar da mota ya miƙo hannu ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, "Kawo wayar nan, Malam." Ya jefa ta a aljihunsa. Ta yi ƙara sau uku kafin mu isa, shi ya amsa duka, yana gaya wa kowa Liman yana tuƙi.